Allin Kawu da Duddugen Baba

Duk layin masu gyaran babur ba wanda ke kiransa da sunan yanka. Kawu Mai Alli ake ce masa, saboda guntun allin da ba ya rabuwa da bayan kunnensa na dama. Kunnen ya daɗe da daina ji, tun shekara goma sha tara da ya yi yana dukan ƙarfe a wurin haɗa bodin manyan motoci, sai ya mayar da shi ma'ajiya. Rumfarsa taku shida ce a tsaye, huɗu a kwance, na auna. A ciki akwai injin walda, benci ɗaya, gwangwani tara na notuna, da tarin kwalaye har rufi, waɗanda na ɗauka shara ce.

Ni gyaran keken ɗinki nake yi, shago-shago. Kayan aikina guda talatin da ɗaya ne, nauyinsu da jakar kilo biyar da rabi, kuma shekara bakwai a kujerar bayan babur suke zama. Sai Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki. Likita ta ce gashin ƙashi sau biyu a mako, har sau ashirin da huɗu, in ana tsallakewa ƙafar hagu za ta sandare yadda take. Asibitin kilomita goma sha huɗu ne daga gida, telolina kuma duk a can ɓangaren suke. Kujera ɗaya, masu zama biyu. Na goya jakar, ta tura Baba ƙarshen kujera. Na ɗora ta a tanki, ta hana kan babur juyawa. Hannunsa na hagu ba ya riƙo. In na bar ta gida na koma ɗauka, yinin ya tafi. A mako uku mun tsallake zuwa asibiti sau biyu, hankalina ya tashi.

Na zauna da tef da biro. Gefen dama salansa ce, zafi. A hagu, jikin ƙarfen nan da ke riƙe tayar baya, mai hawa da sauka in an faɗa rami, na samu filin da za a yi wa jakar mazauni: santimita huɗu daga murfin sarƙa, tara daga matakin ƙafar fasinja. Na zana shafi uku, na nufi rumfar Kawu.

"Kawu, ga zane na gama maka. Walda uku ce, minti arba'in."

Ya juyo mini kunnen hagu, na maimaita. Ya kalli takardun, ya kalle ni.

"Akawu, wa zai zauna a baya?"

"Babana."

"Yana ina?"

"Yana gida."

"To je ka ɗauko shi. Ba na aiki a kan babur ɗin da ba kowa a kansa. Kuma wuta ba za ta taɓa wannan ƙarfen ba, shi ke riƙe da tayarka."

Na ce masa na auna sau uku. Ya ce ya yarda, ya ci gaba da goge notunansa. Raina ya ɓaci, amma masu walda biyu da na fara tambaya duk shi suka nuna mini. Na bar jakar a rumfar, washegari da hantsi na kawo Baba.

Nan na ga amfanin sharar. Kawu ya yanka kwali daidai girman jakar, ya ɗaure shi da igiya a wurin da na zana, bai kauce ko santimita ɗaya ba, sannan ya shafe shi da alli tas. Ya sa muka hau, ya ce mu bi titin bayan layin, mai ramuka, mu dawo. Ramuka goma sha uku na ƙirga.

Da muka tsaya bai kalli babur ɗin ba, ƙafar Baba ya duƙa ya duba. Duddugen takalmin ya yi fari fat, kwalin kuma ya loɓa a kusurwa. Ni na yi awona babur na kafe, ba kowa a kai. Da muka zauna mu biyu, kujera da mataki suka sauka, taran nan tawa ta ɓace. Ƙafar Baba kuma ba ta zama daidai a kan mataki, zamewa take baya. Da ƙarfe ne ba kwali ba, da tsakaninsa da mataki za ta shiga.

"Baba, ba ka ji tana bugawa ba?" na tambaya.

"In da ina ji da ita, me zai kai ni asibiti?"

Kawu ya yi dariya har allin ya faɗo. "Yaya, ni kunne, kai ƙafa. In aka haɗa mu za a samu dattijo guda mai kyau."

"A haɗa mana da kan yaron nan," in ji Baba, "ko ma samu mai yi mana lissafi."

Da azahar matar Kawu ta kawo masa abinci. Na lura tana ɗan ɗingishi da ƙafar hagu. Ta gaishe da Baba, ta ga kwalin, ta ce da ni, "Ɗana, ya sa ka zagaye ko? Yi haƙuri da shi. Ni ce kwalinsa na farko."

Ita ta ba ni labarin, shi yana yankan ƙarfe kamar ba da shi ake ba. Shekara ashirin da shida da suka wuce ya haɗa wa babur ɗinsa akwati a wannan wurin, ya auna shi a kafe, ya ɗauko ta zuwa gidan iyayenta. A rami na farko duddugenta ya maƙale. Wata huɗu ba ta taka ba. Tun daga ranar ya sayi alli.

"Kuma kunnen dama yake juyo mini in na tayar da zancen," ta ce.

Kwali huɗu muka ɓata kafin duddugen Baba ya dawo baƙi yadda ya tafi. Jakar ta koma baya da yatsa uku, ta ɗan karkata. A kan benci ya yi waldar mazaunin jakar, nesa da babur, sannan ya ɗaura shi da maƙalai biyu da noti huɗu, ya sa robar tsohon tub a tsakani. Ya bar mini hanyar sifana zuwa notin jan sarƙa, abin da shafina uku suka manta. A bayan matakin ya ƙara ɗan ƙarfe mai lanƙwasa da zai tare ƙafar Baba. Ya ce in naɗe kayan aiki a tsumma domin duk dukan titi nan yake ƙarewa, kada in wuce kilo shida, in duba notunan duk mako. Minti arba'in ɗina suka zama awa biyar da minti goma. Da za mu tafi ya karya allinsa biyu, ya ba ni rabi, ya ce in riƙa shafa wa kusurwar jakar ina duba takalmin Baba.

Ba mu sake tsallake ko ɗaya ba, biyun da muka rasa ma likita ta sa mun rama. Ina ajiye Baba, in gyara keke biyu ko uku, in dawo in ɗauke shi. Ranar zuwa na ashirin da huɗu Baba ya ce mu biya ta rumfar. Ya sauka da kansa, ya miƙa mini sandarsa, ya taka daga babur zuwa benci. Taku goma sha ɗaya. Kawu ya duƙa ya duba dudduge.

"Yaya, yanzu kana ji da ita?"

"Ina ji. Takalmin ma ashe matse ni yake yi."

Na buɗe baki in yi godiya, Kawu ya juyo mini kunnen dama. Na zagaya ta hagu na faɗa da ƙarfi, duk layin suka ji. Allah ya saka masa da alheri, shi da mai ɗakinsa. Kayan aikina yanzu talatin da biyu ne, har da rabin allin.