Shadda a Ƙarƙashin Katifa

Duk wanda ya taɓa zuwa suna ko biki na Hausawan Greensboro ya ga aikin hannun Fourera, ko da bai san fuskarta ba. Tela ce, 'yar Damagaram, tana zaune a unguwar Glenwood cikin wani ɗan gida mai baranda, inda ɗaliban jami'a ke wucewa a kan kekuna. Ɗakin cin abinci ta mayar shagon ɗinki, don haka yaranta sun tashi suna cin tuwo a falo, suna tsince zare a jikin safa. Gajeriya ce mai saurin magana, kullum tef na rataye a wuyanta. In mace ta kawo yadi ta ce gobe take so, sai Fourera ta dube ta ta saman tabarau ta ce, "To ki ɗaura shi haka nan." Amma goben in an zo, an gama.

Mijinta, Malam Soumaïla, direban motar kaya ne, ƙaton mutum mai ƙarancin magana wanda zama ke yi wa wuya. Ranar hutunsa sai ya yanke ciyawar gidansa, ya tsallaka ya yanke ta maƙwabta ba tare da an roƙe shi ba, ya dawo ya kwance famfon da ba ya ɗiga. Fourera kan ce tunda ta aure shi ba ta taɓa ganin bayansa ya taɓa katifa da rana ba.

A bangon falonsu akwai hoton aurensu, kuma wannan hoton ne abin da ke ci mata rai. Lokacin da aka ɗaura auren Soumaïla yana nan Amurka, takardunsa ba su ba shi damar zuwa gida ba. Sun daɗe suna son juna, aka ɗaura da wakili, aka yi shagali. Da mai hoto ya zo, sai aka tsayar da ƙaninsa Mourtala kusa da amarya don kada wurin ango ya zama wayam. Shi ke nan, Mourtala ya shiga bangon falo ya zauna, da ƙaramar hularsa da murmushi har kunne, kamar shi ya biya sadaki. Duk baƙuwar da ta shigo sai ta ce, "Kai, ashe Malam siriri ne da!" Fourera ta yi dariya ta ce ƙaninsa ne. Tana dariyar, amma abin na yi mata zafi.

Cikin kayan lefen da Soumaïla ya aika mata akwai bandir guda na shadda, shuɗiya mai duhu. Ba ta taɓa sa mata almakashi ba. Ta ce sai ranar da za su tsaya tare gaban mai hoto, shi da babbar riga, ita da nata ɗinkin. To, ga haihuwa, ga aiki, ga kayan sallar mutane. Shekaru ashirin da 'yan kai suka wuce, shadda na ƙasan akwati, ta ɗinka wa rabin gari anko, ita ko ba ta da nata.

Sai bara 'yarsu Leïla, wadda ke aikin jinya tana zaune a Pleasant Garden, ta shigo da labari. Ta kama musu ɗaki a jirgin ruwa na yawon shaƙatawa, za su tashi daga Florida su uku.

"Akwai formal night, Mama," in ji Leïla. "Kowa zai yi ado sosai a ci dinner. Baba zai sa suit, ke kuma doguwar riga. Akwai masu hoto ma."

Fourera ta tsayar da keken ɗinki. "Masu foto?"

"Yes, professional. Ko'ina za ki gan su."

"Kuma dole sai veste, kwat ɗin nan?"

"Ba dole ba. Abu dai mai kyau, mai daraja."

"Shi ke nan," in ji Fourera, ta ci gaba da ɗinkinta. Leïla ba ta gane ba, amma a wannan "shi ke nan" ɗin an riga an yanka shadda.

Sai dai tela tela ce. Nata kayan su ne na ƙarshe kullum. Aka kawo ɗinkin wani suna, aka kawo na wata amarya, ba ta iya cewa a'a ba. Aikin wuyan babbar rigar ma da safiyar tafiya ta ƙarasa shi, Malam na waje yana danna ham. Ta turara kayan da turaren wuta a gaggauce, ta cukuikuye su ta danna cikin akwati, ta ɗora yaji da kilishi da dutsen gugarta a sama. Ai ba matsala, in an isa ta goge.

A tashar jirgin aka haska akwatin, wata ma'aikaciya ta zaro dutsen guga ta ɗaga shi sama kamar ta kama ɓera. Ta yi bayani cikin fara'a cewa ba a shiga da shi saboda gobara, za a ajiye mata har su dawo. Fourera ta bi dutsen da ido har ya ɓace. Da suka shiga ɗaki ta buɗe akwati, sai ta zauna a bakin gado. Shaddar ta yamutse kamar ledar da aka ci ƙosai a ciki. Ga shi washegari da yamma ne za a yi adon.

"Akwai laundry a jirgin, Mama. Mu ba su."

"Su sa mini tururi su kashe mata ƙyalli? Shaddar da ta girme ki? Ba su san ta ba, ba za su taɓa ta ba."

"To ki bari kawai. Baba na da suit, ni kuma zan ba ki wata rigar."

Malam ya gyaɗa kai, don shi ko buhu aka ba shi zai sa.

Da safe jirgin ya tsaya a wani tsibiri, mutane suka yi ta fita da huluna masu faɗi. Malam ya ɗaure takalmi tun bayan asuba, ya ƙagu ya taka ƙasa. Ita kuwa ta shimfiɗa babbar riga a ƙasa, ta bi ta da tafin hannu tana miƙar da ita, ta ninke ta tsaf yadda masu bugu ke ninkewa a gida. Ta naɗe kwalbar ruwa da tawul ta yi ta bugu har kafaɗarta ta gaji. Sannan ta ɗaga katifa, ta jera kayan a ƙarƙashi, ta hau ta zauna. Katifar ko motsi ba ta yi ba. Ta juyo ta auna mijinta da ido, daga kafaɗa zuwa tumbi, irin kallon da take yi wa mai ɗinki.

"Malam, cire takalmin nan ka kwanta."

"In kwanta? Da rana tsaka? Lafiyata lau."

"Nauyinka nake so."

Leïla ta fashe da dariya har ta riƙe ƙofa. Malam ya ce shi bai ƙetaro teku don ya zama dutsen guga ba, ga veste ɗinsa nan a rataye, me ya yi zafi? Sai Fourera ta yi ƙasa da murya.

"Wannan shaddar ta cikin valise ɗin lefen da ka aiko ce. Na gaji da ganin Mourtala a bangona, Malam. Kai na aura."

Ya tsaya yana kallonta. Duk shekarun nan yana wuce hoton nan safe da yamma, bai taɓa sanin yana damunta ba. Ya sunkuya ya kwance takalminsa.

Haka Malam Soumaïla ya ga tsibirin ta 'yar taga. Fourera na tsaye a kansa, in ya jima a dama ta ce ya mirgina hagu, in ya jima ta ce ya gangara wajen ƙafa, nan ne wando yake. Ya tashi ya yi azahar, ta nuna masa gado da yatsa ya koma. Leïla ta kawo masa abinci ya ci a kwance yana ƙunƙuni. Can sai ɗakin ya cika da minshari. Mutumin da bai san barcin rana ba ya yi wanda ya fi na kowa a jirgin.

Bayan la'asar suka ɗaga katifa. Shaddar ta kwanta lif, ƙyallinta na nan, ga karin ninki ya fito a miƙe, gida-gida.

"Amma Mama, duk layi-layi ne a jiki."

"Layin shi ne adon, 'yar nan. Da shi ake sanin sabuwa ce."

Bayan magariba suka sauko ta babban benen jirgin. Ƙasa cike da maza cikin baƙaƙen kwat, duk iri ɗaya, da mata masu riguna masu walƙiya. Malam na tafe yana naɗe hannun riga bisa kafaɗa, shadda na ƙara, ƙamshin turaren Glenwood na bin su. Fourera ta kafa ɗaurinta, ta ƙi kallon kowa, amma duk tana jin yadda ake juyowa. Wata tsohuwa Baturiya ta dafa ƙirji ta ce ba ta taɓa ganin shuɗi irin wannan ba. Daɗi ya kama Fourera har ta rasa inda za ta sa hannunta.

Mai hoton, wani saurayi mai yawan dariya, ya tsayar da su, ya matso da su kusa da juna. Ya tambaya da Turanci ko bikin cikar shekarun aure suke yi. Leïla ta buɗe baki za ta amsa, Malam ya riga ta.

"Faɗa masa a'a, aure ne," ya ce, ya kamo hannun Fourera a gaban jama'a. "Angon ne ya makara."

Hoton yana falonsu yanzu, Malam ne ya buga ƙusar da kansa. Mourtala ya koma ɗakin ɗinki, saman keke, yana ta murmushinsa. In ka duba sabon hoton da kyau za ka ga idon amaryar ya yi ja, kuma har yau Fourera na cewa hasken mai hoto ne.