Jajayen Duwatsun Kwarin Gonarmu

A gonarmu ta bayan Basirka akwai wani kwari. Duk ranar da aka yi ruwa, sai ya wanko ƙananan duwatsu jajaye kamar 'ya'yan rumman, da wasu baƙaƙe masu gicciye, kamar an gitta tsinke biyu. Da su muke carafke. Kakarmu, Inna Delu, ta yarda mu tsinta. Amma ranar da ta kama yayana Sale ya kafa fartanya zai tona, kai, kunnensa ya sha murɗa!

Ran nan bayan magariba, tana gasa mana masara a bakin murhu, ta ce, "Ku matso, ja'irai. Ga ta nan, mai kunne ya ɗauka."

Wai wani manomi ne ƙasa take ƙauna. Kowace damina takan ba shi jan dutse ɗaya ya kai wa 'yarsa, ƙasar kuma ta ajiye mai gicciye a gefe, alamar nan ne iyaka. Wata shekara ya ce, "Ɗaya-ɗaya har yaushe?" Ya ture mai gicciyen, ya haƙa rami, ya cika buhu. Ruwa na sauka ya bi ramin, ya cinye kunyoyi, ya cinye gero, ya cinye gonar kaf.

"Sai ya zuba duwatsun a tukunya," in ji Inna tana juya masara. "Har yau ba su nuna ba."

Muka yi ta dariya, ban da Sale.

Inna ta rasu, gonar ta zama tamu ni da shi. Shekarun baya wasu mutane suka zo a kan babura da diga da shebur, suna so mu bar su su haƙa kwarin. Sale ya fara laushi. Na ce, "Yaya, ban da rabona. Naka kuwa, in ka haƙo sai ka dafa." Ya yi fushi, wata biyu bai tako gidana ba. Wallahi abin ya yi mini ciwo, amma ban janye ba. Dā na ɗauka Inna kwaɗayi kawai take hana mu. Ashe gonar take tsare mana.

Maƙwabcinmu ya yarda aka haƙa tasa. Damina biyu, ta koma kwazazzabo.

Bana da kaka Sale ya kawo mini dammunan gerona da kansa. Ya kira 'yata, ya sa mata jan dutse ɗaya a tafin hannu.

"Tsintarsa na yi," ya ce, yana shafa kunne.