Takalmin Abuja a Cikin Leda

Mama Afiniki, mai acca a kasuwar Kafanchan, ba ta san sunansa ba, amma ta san abin da yake yi duk ƙarshen wata in ya sauko daga motar Abuja. Dogo ne, da furfura tsilli-tsilli, kafaɗa a miƙe irin ta masu gadi. Sai ya raɓe bayan shago, ya cire baƙin takalminsa mai sheƙi, ya tura a leda, ya zura tsofaffin silifa. Ya san halin kasuwar nan: mai takalmin Abuja, farashin Abuja ake faɗa masa.

Ita kuwa tana ganin shatin safa a ƙafarsa, ta san ɗan Abuja ne. Tana zaton wani ɗan ɗaki a bayan gari ke cinye rabin albashinsa.

Ga shi ya tsuguna, ya damƙi acca, ya murza, yana tayi ba kunya.

"Oga, ai kai ɗan Abuja ne," in ji ta.

"Mama, masu Abuja suna cikin mota. Ni get nake buɗe musu."

Ta cika mudu ya yi tozo, ta ƙara masa hannu biyu.