Ranar da Limamin Bariki Ya Zo a Ƙafa

Shekara uku na yi a unguwar da ke bayan barikin soja a Tasawa. Ina koyarwa a lakwal, maigidana kuwa kaporal ne, muna da ɗiya guda mai shekara huɗu. Gidajen haya ne a jere, kusan kowane ka leƙa matar soja ce a ciki, kuma dukanmu mun san ƙarar babur ɗin limamin bariki tun daga nesa.

Liman dattijo ne, mai muƙamin ajidan a soja, yana sa kaki kamar kowane soja, sai dai farar hula ce a kansa, kuma yana ɗan ɗingishi. Shi ke jan salla a masallacin bariki, shi ke raɗa wa ƴaƴanmu suna, shi ke zaunar da miji da mata idan rigima ta ƙi ƙarewa. Shi ne kuma ke wanke waɗanda aka kawo a kwance, ya je ya faɗa wa iyalansu. Saboda wannan aikin na ƙarshe muke tsoronsa. Ya san da haka, shi ya sa kullum bayan la'asar yake zagaya unguwa babu wani dalili, ya tsaya ƙofar wannan ya tambayi jikin yaro, ya tsaya ƙofar waccan ya sha ruwa, don kada a ce ba ya zuwa sai da mutuwa. Duk da haka mun yi wa zuwansa fassara. In yana kan babur shi kaɗai, gaisuwa ce. In ya zo cikin mota tare da kapitan, to wata ta zama mai takaba.

An tura su maigidana misiyo, wato aikin tsaro, can yamma wajen iyaka a ƙarshen rani. Yakan kira ni duk kwana biyu ko uku, in salularsu ta samu rezo. Sai aka yi kwana biyar bai kira ba. Ranar ta shida da safe, an kwana da ruwan farko, ina ɗaura wa yarinya kallabi za mu fita, sai na ji sallama. Liman ne, babu babur, babu mota. A ƙafa ya zo, matarsa na biye da shi. Wannan ba ya cikin fassararmu. Na ajiye kallabin, na shimfiɗa musu tabarma.

Matarsa ta ɗauki yarinyar ta fita da ita tsakar gida. Shi kuwa ya zauna bakin tabarma ya miƙe ƙafarsa mai ciwo.

"Ɗiyata, zauna," in ji shi. "Zan faɗa miki abin da na sani, ba zan ƙara ba, ba zan rage ba."

Ya ce an kai wa ayarinsu hari a hanya. An kawo waɗanda suka rasu, an ƙirga waɗanda suka tsira. Maigidana ba ya nan, ba ya can.

"Baba Liman, ya mutu ke nan?"

"Ban ce ba."

"To yana da rai?"

"Shi ma ban ce ba. Ba a gan shi ba, ana nema. Nan sanina ya tsaya."

Na tuna na tambaye shi ko in cire ƴan kunne in shiga takaba. Ban san abin da ya kawo wannan bakina ba. Ya ce kada in cire komai, matar aure ce ni har sai an zo da shaida. Ya ce in ci abinci, in tafi kalas in zan iya. Ban iya ba. Na wuni zaune da salula a cinya ina jiran kira. Maƙwabta suka yi ta shigowa suna zama, ba su san ko gaisuwar mutuwa za su yi mini ba ko ta jiki.

Washegari ƙanwar maigidana ta kira daga ƙauyensu kusa da Tchaké tana kuka. Wani ya bugo musu ya ce ɗansu na cikin waɗanda aka kashe, har an shimfiɗa tabarmi ƙofar gida. Na aika aka gaya wa Liman. Kafin hantsi sai ga shi da motar bariki da direba.

"Magana irin wannan ba a gyara ta ta salula," in ji shi. "Tashi mu tafi. Uwa ce, sai ta ga fuska."

Muka bi ta Mayahi. Ko'ina mutane sun fita shuka, maza na gaba da sungumi, mata da yara na biye suna zuba iri suna rufewa da diddige. Ina kallonsu ta gilashi kamar mutanen wata duniya. Da muka bar babbar hanya muka shiga rairayi, duk babur ɗin da ya taso daga nesa sai in riƙe numfashi har ya wuce, alhali na san ba a yankin nan aka kai harin ba. Tsoro ya riga ya shiga jikina, bai bar mini wurin tunani ba.

A tsakiyar hanya Liman ya ce wa direba ya tsaya. Ya sauka da butarsa ya koma bayan wani gawo. Na ɗauka alwala zai yi, sai na ji yana amai. Ya wanke fuska ya dawo bakin mota.

"Baba Liman, ko ba ka da lahiya?"

Ya shiga ya zauna gaba. Sai da mota ta tashi ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Shekaranjiya ni na karɓe su. Ɗaya bayan ɗaya na buɗe fuskokinsu ina neman ta maigidanki. Duk wanda na buɗe na ga ba shi ba ne sai in ji sanyi, sannan in tuna wannan ma ɗan wata ne, kuma ni zan je in faɗa mata." Ya goge gemunsa. "Shekara ashirin da wani abu ina wannan aiki. Har yau ƙafata ba ta son shiga gidan mutane."

Ban taɓa tsammanin yana jin tsoro ba. Abin bai kwantar mini da hankali ba, ƙara firgita ni ya yi, domin na ga babu wanda ke tsaye a wurin da ba ya girgiza.

Muna shiga ƙauyen aka hango kaki cikin mota, kuka ya tashi tun kafin mu tsaya. Maza sun cika ƙofar gida. Surukata ta fito babu mayafi, ta wuce ni, ta kama hannun rigar Liman, abin da ba ta taɓa yi wa namiji baƙo ba.

"Ina kuka ajiye shi? Ku ba ni shi in gani."

"Inna, ban zo da gawa ba," in ji Liman. "Ban zo da labarin mutuwa ba. Wanda ya bugo muku bai ga abin da na gani ba."

Ya zauna cikin maza, ni ina daga zaure ina ji. Wan surukina, wanda shi ne babba a gidan, ya ce tunda an taru gara a yi masa sallar gawa daga nesa a huta, zaman jira ya fi mutuwa ciwo. Wasu suka goyi bayansa. Liman bai ɗaga murya ba. Ya juya wajen limamin ƙauyen ya gaishe shi da girmamawa, ya ce, "Allah gafarta Malam, kai ne mai garin nan a wannan fanni. Ana sallatar mutumin da ba a tabbatar da rasuwarsa ba?" Malamin ya ce ba a yi. Liman ya ce to a bar tabarmin inda suke, amma a juya zaman ya koma na roƙon Allah Ya bayyana shi. Haka aka yi. Aka yi ta addu'a har azahar. Surukina ya tashi bayan salla ya ɗauki sungumi ya nufi gona, ya ce in ɗansa ya dawo ya tarar ba a yi shuka ba, zai yi faɗa.

Surukata ta so in zauna wurinsu. Liman ya ce labari Tasawa zai fara zuwa, gara in koma. Ya rubuta mata lambarsa a bayan wata takarda, ya ce duk wanda ya bugo da wata magana, kada ta yarda sai ta ji daga bakinsa.

Kwanakin da suka biyo baya ba na iya rarrabe su sosai. Na koma kalas don direktan lakwal ɗinmu ya ce zaman gida zai kashe ni, amma sau biyu ina tsayawa gaban allo da alli a hannu na manta abin da nake rubutawa. Yarinyata ta daina tambayar babanta, wannan ya fi tambayar ba ni tsoro. Kullum bayan la'asar Liman zai tsaya ƙofar gida, bai ko kashe babur ba, ya ce, "Ɗiyata, babu sabon labari. Kin ci abinci?" Wata rana na yi masa tsawa, na ce in ba shi da abin faɗa ya daina zuwa yana tsinka mini zuciya. Ya ce to. Washegari ya sake zuwa, ya tsaya ɗan nesa, ya ɗaga mini hannu ya girgiza kai, ya wuce. Na gane gara hakan da shiru.

A cikin kwanakin ne aka kai wa maƙwabciyata, wadda katanga ɗaya ta raba mu, labarin nata mijin. Yana cikin waɗanda suka ji rauni, ya cika a gidan likita. Na ji tsayuwar motar, na ji muryar kapitan, na ji ihunta. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa na toshe kunnuwa. Sai da matar Liman ta zo ta buga ta ce, "Fito, ƙanwata. Yau ita ke bukatarki." Na fita na je na riƙe ta.

Kwana tara da zuwansa na farko, ina wanki da hantsi ranar da babu lakwal, mota ta tsaya ƙofar gidana. Na ga hular kapitan ta saman katanga. Ban san lokacin da na zauna cikin ruwan wankin ba. Liman ya shigo da sauri, ɗingishinsa har ya fi na kullum, yana magana tun daga zaure.

"Yana da rai. Ɗiyata, ji ni da kyau, yana da rai. Na yi magana da shi da bakina."

Sai da ya maimaita sau uku kafin maganar ta shiga. Daga baya ya ba ni haƙuri, ya ce ya so ya riga motar isowa, babur ɗinsa ne ya ƙi tashi.

Wasu makiyaya ne suka tsince shi a daji da harbi a cinya, ya ja jiki ya yi nisa da wurin. Suka ɓoye shi a rugarsu suna ba shi nono, suna tsoron fitowa da shi, har suka samu wanda suka amince da shi ya kai labari. An kawo shi gidan likita a Maradi. A motar nan muka tafi. Kafin mu fita gari Liman ya kira surukata ya faɗa mata, ya miƙo mini salula, muka yi ta jin numfashin juna.

Na same shi ya rame har na yi shakkar shi ne. Ya dube ni ya ce, "Kin zo?" kamar daga kasuwa na dawo. Bai yi kuka ba, bai yi dariya ba.

Bayan wata guda aka sallamo shi. Ƙafar ta warke, mutumin ne bai dawo duka ba. Ba ya zama da bayansa ga ƙofa. In murfin tukunya ya faɗi sai ya miƙe tsaye. Ba ya son fita don kada ya haɗu da maƙwabciyarmu kafin danginta su zo su tafi da ita Urafane. Na fara jin tsoron shirunsa kamar yadda na ji tsoron rashinsa. Na gaya wa Liman. Bai yi masa wa'azi ba. Yakan zo ya zauna kusa da shi gindin itacen bedin da ke ƙofar gida, su yi ta ɓarar gyaɗa, wani lokaci har magariba ba wanda ya ce komai. A mako na uku na jiyo maigidana yana magana ƙasa-ƙasa, yana faɗin sunayen abokansa. Na koma madafa na ba su wuri. Liman ne kuma ya lallashe shi ya je ya ga likitan da ke duba irin wannan damuwa, ya raka shi da kansa zuwan farko.

Da kaka ya samu izini muka je ƙauye, ya taya babansa yankan hatsi yana ɗingisawa. Bayan wata bakwai likita ya ce ya warke, aka mayar da sunansa cikin masu fita misiyo. Na roƙe shi ya ajiye aikin. Ya ce zai yi tunani, na kuwa san ba zai ajiye ba. Ranar tafiyarsu na soya masa nama na zuba a gwangwani, na raka shi har bakin titi da yarinya a hannu. Ya ce in ya samu rezo zai kira. Na koma gida na shirya, domin ina da kalas ƙarfe takwas.