Ɗakin Dada Mai Bula

Shekarar da rikici ya ci garuruwan arewa da Yola, kakarmu Dada, mahaifiyar Babanmu, ta iso gidanmu na haya a unguwar Limawa cikin Jimeta da zani ɗaya da ƙafa a kumbure. Autanta, Bappa Sa'adu, bai iso tare da ita ba. Mu yara aka ce mana yana hanya.

Ɗakin da aka ba ta siminti ne tsura, ruwan toka. Dada ta ƙi ci, ta ƙi magana, wuni take kwance ta juya wa ƙofa baya, har Baba ya fara tsoron za mu rasa ta. Wata safiya ta hango Mama tana zuba bula a ruwan wanki, sai ta tashi zaune.

"Ba ni wannan abin," ta ce. "A samo mini farar ƙasa kuma."

Ta dama su a tsohon bokiti, ta shafe bangon ɗakin da tsumma har iya inda hannunta ya kai. Da ya bushe ya fito shuɗi mai haske kamar sama bayan ruwa ya ɗauke. Mai gidan haya ya yi ta ƙorafi, Baba ya ba shi haƙuri. Ranar Dada ta ci tuwo.

Daga nan tatsuniya ta dawo bakinta. Bayan magariba mukan kewaye murhu kafin garwashi ya mutu, ita kuma ta miƙe ƙafa.

"Ke Hauwa, matso ka zauna, bakinka kamar rediyo. To ga ta nan, ku riƙe ta da kyau."

Akwai guda ɗaya da ta fi yawan maimaitawa. Wata mata ce ɗanta ya kai shanu bakin kogi, mutanen ruwa suka janye shi. Suka mantar da shi sunansa da fuskar uwarsa, abu ɗaya kawai suka kasa cire masa, launin ɗakin da aka haife shi. Sai uwar ta riƙa shafe ɗakinta da shuni, damina ta wanke, ta sake shafawa. Shi kuma kullum da yamma yakan ɗago kai daga ruwa yana duban gidaje ɗaya bayan ɗaya.

"Ya gane ɗakin, Dada?" nakan tambaya.

"Wuta ya mutu. Ku je ku kwanta."

Haka take yanke mana ita kullum, ni kuwa abin yana ba ni haushi. A raina na gama lissafi, saboda Bappa take shafa bula don ya gane gidanmu. Har leƙa titi nake yi.

Da ƙarfinta ya ragu, ni ta koya wa shafawa. Wata rana ina kan kujera da tsumma a hannu, na kasa riƙe bakina.

"Dada, ai cikin ɗaki muke shafawa. In Bappa ya biyo ta titi, ta yaya zai gani?"

Ta dubi bangon, ta ce:

"Sa'adu ba zai zo ba, Hauwa. Ni na rufe masa ido da hannuna a gindin dutse, manya duk sun sani. Shi yake shafa mini ɗaki a gida, duk bayan girbi. In na buɗe ido da safe na ga shuɗi, sai in ɗauka ya fita da shanu. Kafin in tuna, na riga na tashi."

Na yi kuka a kan kujerar nan har bula ta bushe a hannuna. Dada ta ƙara shekaru tare da mu, sannan Allah ya karɓi abarsa a cikin wannan ɗaki.

Na daɗe ina ganin matar cikin tatsuniyar ɗanta take jira. Sai da na girma, ni ma na san safiyar da tashi ke yi wa mutum nauyi, na gane abin da ya hana Dada ƙarasa labarin. Yaron bai taɓa fitowa daga ruwa ba. Uwar ce shunin ya hana nutsewa.

Bana da za a yi mini fentin ɗaki a Jimeta, mai fenti ya baje mini launuka kala-kala.

"Hajiya, ruwan madara ake yayi yanzu. Wannan shuɗin ai na ƙauye ne."

"Na sani," na ce. "Shi za ka shafa, ka fara da bangon da nake gani in na farka."