Dogo da Akwatunan Allo

Tun ina yarinya mai yankan albasa a gidan abincin nan na tarar da Yaya Dogo yana kai wa baƙi abinci. Yanzu ni ce babbar mai girki, gwiwoyina sun fara ƙara, shi kuwa har kwanan baya yana nan da farar rigarsa da tire a kafaɗa. Mutum takwas za su zauna a tebur, kowa ya faɗi abin da yake so, wani ya canza ra'ayi sau biyu, Dogo ya leƙo ta tagar kicin ya zayyano min duka ba tare da ya taɓa biro ba. Baƙi suna ta yaba ƙwaƙwalwarsa. Ni kaɗai na san dalili: Dogo bai iya karatu ba, ko sunansa bai iya ganewa. Takardar abinci ma haddace ta ya yi, yana bin layi da yatsa kamar gaske. 'Yarsa da ke makarantar koyon jinya har yau ta ɗauka ciwon ido ne ke sa ya miƙa mata wayarsa ta duba masa saƙo.

Da tsohon maigida ya rasu, ɗansa ya karɓi wurin. Yaro ne mai kirki, wallahi, sai dai hannunsa ba ya zama. Wata safiya ya shigo da allon nan na latsawa, ya zauna a tebur na ƙarshe, kafin shinkafa ta nuna ya sauke manhajar karɓar odar abinci da kansa, ba injiniya ba kowa. Ya ce daga yau babu mai yi min ihu ta taga. A latsa a allo, takarda ta fito a kicin.

Dogo ya same ni a bayan kicin, fuskarsa duk gumi.

"Ƙanwata, na shiga uku. Ina zan je da furfurar nan? Wa zai ɗauke ni?"

"To ka gaya masa mana, Yaya."

"In gaya wa yaron da na goya? Gara ƙasa ta tsage in shige."

Haushi ya kama ni, tausayi ya fi. Akwatunan allon huɗu-huɗu ne a jere, tayil ɗin bangon kicin ma haka. Sai muka mayar da bango allo. Kullum kafin kowa ya iso, in ce "shinkafa da kaza", ya dafa tayil na farko. "Soyayyen kifi", na biyu. "Taliya", na uku. In ya kuskure in buge masa hannu da ludayi, ya ce, "Ke, ni fa yayanki ne!" A hankali yatsansa ya haddace. Har maigida ya riƙa nuna shi ga sauran, wai ku dubi Baba, ya fi ku sauri.

Abin da ba mu lissafa ba shi ne, wanda ya saka abu da hannunsa, da hannunsa yake jagwalgwala shi. Ranar wata Asabar maigida ya sayo agwagi, ya ga dama ya sa gasasshiyar agwagwa a akwatin farko don ta shiga kasuwa. Komai ya matsa gaba da ɗaya, kuma bai gaya wa kowa ba. Me zai faɗa? Ai a rubuce yake.

Takardu suka fara fitowa: agwagwa, agwagwa, agwagwa. Na ce ikon Allah, yau garin nan agwagwa ake marmari? Sai tire ya fara dawowa. Mai son kifi an kai masa kaza, mai son taliya ya sami kifi, wata mata tana ɗaga murya. Na leƙa na hango Dogo a tsaye gaban allo, yana dannawa yana sake dannawa. Na so in je wurinsa, amma tukwane huɗu na kan wuta, ban isa in fita ba.

Maigida ya tara mu a kicin. Dogo ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, ban iya karatu ba."

Yaron ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne. "Haba Baba! Kai da kake karanta wa baƙi tun ina rarrafe?" Ya miƙa masa allon. "To karanta mu ji."

Da ma ya yi shiru. Amma Dogo ya ɗora yatsa kan agwagwa, ya ce, "Shinkafa da kaza."

Hawaye suka zubo min. Maigida ya daɗe yana kallonsa, kunya ta rufe shi, sannan ya ce a hankali, "Baba, da ka faɗa min, ai hotuna zan sa." A nan tsaye ya latsa, ya latsa, hoton kowane abinci ya fito a akwatinsa. Abin bai kai tafasar ruwan shayi ba.

Dogo ya ƙarasa aikin ranar ba kuskure ko ɗaya. Ya ninke farar rigarsa, ya ajiye kusa da murhuna, ya tafi, bai sake dawowa ba. Na je gidansa har sau biyu, maigida ma ya je, matarsa ta ce ya fita neman aikin gadi, kuma ya roƙa kada mu gaya wa 'yarsa dalili.

Hotunan suna nan a allon har yau. Sabbin ma'aikatan duk sun yi makaranta, kuma suna cewa hotunan sun sauƙaƙa musu aiki sosai.