Goron Baba Tsoho

Ranar Juma'ar da ruwan farko ya sauka a Djougou, shekarar da na shiga lakwal, wato makarantar boko, kakana Baba Tsoho ya dawo daga masallaci da goro uku masu tsiro a aljihu. Ko babbar riga bai tuɓe ba ya hau tona ƙasa. Kakanninsa fataken goro ne, shi ma da goro ya tsufa, amma bai taɓa tauna wanda ya tsinka da hannunsa ba. Abin da yake so kafin ya mutu ke nan, kuma duk gidan mun sani.

Abin da ya hana shi sakat wani ƙaton itace ne a bakin rafin bayan unguwarmu. Kwansonsa sak na goro, sai dai ba a cin 'ya'yansa. Baba Tsoho ya sha ɗauko kwanson biyu, na itacen da na goro, ya jera a tabarma, ya jujjuya, ya shinshina. "Kakansu ɗaya," in ji shi. "Wannan ya koyi haƙuri da rani, wancan ya zauna a kurmi ya sangarce." Don haka ya raba goron nan uku: ɗaya a inuwar mangwaro, ɗaya a bakin makwararar wanka, ɗaya a gindin ɗan'uwan nasa na rafi, wai ko zai ga yadda ake yi. Kakata ta ce tsufa ne ya fara taɓa shi.

Ni aka ɗora wa ban ruwa. Wayyo, na sha wuya! Ana 'yar gala-gala a ƙofar gida, ni ina jan bido, jarkar ruwa, zuwa rafi, shi kuma yana biye da ni da sanda yana cewa, "Amarya, rowar ruwa kike wa mijinki?" Na mangwaro ya bushe tun ranin farko. Na makwarara sabulu ya kashe shi. Na rafi kuwa ya kama.

Da aka kai ni karatu Parakou, gidan gwaggona a Ladjifarani, hankalina bai taɓa kwanciya ba. Duk direban da ya zo daga gida sai na tare shi in tambayi itacen kafin in tambayi mutane. Shekarar da ya yi fure, Baba Tsoho ya aiko a gaya mini in shirya haƙorana. Zafin bazara ya zo ya kakkaɓe furen tas. Baba Tsoho bai ga wata damina ba.

Yanzu ɗiyata tana jami'a, tana jera dangin itatuwa a na'ura tana duba wanne ya jure fari, wanne bai jure ba. Aikin tabarmar nan ne dai. Rafin ya ja baya, itacenmu yana nan, bai taɓa haihuwa ba. Har yau in na sayi goro na tarar ya tsiro, ba na iya kai shi baki.